Bisa Faɗin Mai Kaya

An yi wani mutum, dillalin kwantena, wanda kowa a tashar jiragen ruwa yake kira An-Gama. A bakinsa ya samo sunan. Duk abin da ka kawo masa, ko mota ce za a tura ƙetare, ko buhunan hatsi, ko kayan ɗaki, kafin ka rufe baki ya ce maka, "An gama." Kuma gaskiya a faɗe ta, ya iya aikinsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a cikinsa.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman bene, tagarsa tana kallon tasha. Akwai tebur, da fanka mai ƙara, da kujerun baƙi guda biyu. Ƙasan benen kuma sito ne, inda ake lodi. Idan ka hau wurinsa ba ka san komai ba, sai ya zaunar da kai ya yi maka bayani dalla-dalla. Kana son kwantena sukutum, taka kai kaɗai? Akwai mai ƙafa ashirin, akwai mai ƙafa arba'in, kuma babbar ba ta kai kuɗin ƙanana biyu ba. Kayanka kaɗan ne? To shiga haɗaka, a auna wurin da ka ci ka biya, amma fa za ka jira sai ta cika. Akwai jirgin da ke tafiya kai tsaye, yana da tsada. Akwai mai yada zango a tashoshi, ya fi sauƙi, sai dai ka yi haƙuri da kwanaki. Duk wannan An-Gama ya san shi kamar sunayen 'ya'yansa.

Ya 'yan uwa, akwai abu ɗaya a wannan sana'a da nake so ku riƙe, don a kansa labarin yake tafiya. Kamfanin jirgi ba ya buɗe kwantena ya duba. Jirgi ɗaya yana ɗaukar dubbai, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya? Wanda ya yi lodi shi ke rufe ƙofa ya buga hatimi, wato wata ƙusar ƙarfe mai lamba, wadda in ta shiga ba ta fita sai an datse ta. Daga nan akawun kamfani ya tambayi abin da ke ciki ya rubuta, a ƙasa kuma ya ƙara kalma huɗu: bisa faɗin mai kaya. Ma'ana, mu dai ba mu gani ba, faɗa mana aka yi.

Abin da aka faɗa ɗin nan kuwa shi ke zaɓa wa kwantena mazauni a cikin jirgi. In ka ce kaya masu kama wuta ne, sai a ɗora ta a sama, a sarari, inda ido ke ganinta kuma mesar ruwa ke iya kai mata. In ka ce kayan gida ne, sai a zura ta can ƙasa, a jibga wasu a kanta, a rufe. Mutum ashirin da wani abu suna kwana suna tashi a kan wannan jirgi a tsakiyar teku. Bayan tsarewar Allah, ba abin da suka dogara da shi sai maganar wani mutum da ba su taɓa gani ba.

To, An-Gama yana da ƙani, autan gidansu, kowa Auta yake ce masa har ya yi furfura a gemu. Shekara goma sha ɗaya Auta yana wata ƙasa can ƙetaren teku yana tuƙa bas. Mutum ne mai sanyin hali, ba ruwansa da hayaniya. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, kuma a shekarar ne Allah ya ba shi ikon kama gida mai ɗaki uku. Mahaifiyarsu, Inna, tana zaune a gidan An-Gama. Da ta ji labarin gidan, sai ta sa kafinta ya yi wa Auta gado da kujeru da teburin cin abinci, ta ce sai an kai masa, don tun tana raye ta ji cewa ɗanta yana kwana a kan abin da ta ba shi.

Kayan Auta ba su fi rubu'in kwantena ba. Abin da ya dace shi ne a sa su a haɗaka. An-Gama ya san haka.

Amma a makon ne wani mai gidajen gasa nama a can ƙasar ya nemi gawayi buhu ɗari biyar, kuma yana so da gaggawa, ya ce zai biya da kyau. Gawayi kuwa, ya 'yan uwa, ba a tura shi haka kawai. Abu ne da yake ɗaukar zafi da kansa. Dole a bar shi ya sha iska makonni bayan an kwashe shi daga rami, a kira masu dubawa su ba da takarda, a biya kusan ninki biyu, sannan a nemi jirgin da zai yarda ya ɗauka, don da yawa ƙi suke yi. Duk wannan zai ci wata guda, ya kuma cinye rabin riba.

Kuna zaton Shaiɗan da ƙaho yake zuwa wa mutum? Ina! Da shawara yake zuwa, mai kyau, mai tsari, irin ta wanda ya san kasuwa. Ya ce masa: ga kayan gida na gaskiya, ga sunan mutumin kirki mai takardun zama, me kake jira? Kuma ba yau An-Gama ya fara ba. Ya taɓa tura fenti da sunan kwanuka, ya taɓa tura batura da sunan takalma, ba abin da ya faru. Mutum in ya yi saɓo bai ga komai ba, sai ya ɗauka izini aka ba shi.

Ya kira ƙaninsa a waya.

"Auta, babbar kwantena zan ɗauka da sunanka. Ragowar wurin zan cika da kayan ɗakin wasu mutane, in sun iso su zo su kwashi nasu. Kai ko sisi ba za ka biya ba. Zan turo maka takarda ka sa hannu a matsayin mai kaya."

Auta ya ce, "Yaya, ni da ban san komai a harkar nan ba? Duk yadda ka yi daidai ne. Allah ya bar zumunci."

Ya sa hannu bai karanta ba. Wa ke karanta takardar da yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya miƙo masa?

Ranar lodi aka tashi da hadari. Motar gawayi ta iso da hantsi, ruwa ya taɓa ta a hanya, tamfol ɗin da aka rufe ta da shi kuma duk huda ne. Mai gawayin, wani dattijo da ya tsufa a sana'ar, ya ja An-Gama gefe ya ce masa, "Wannan shekaranjiya aka kwashe shi daga rami, ga shi kuma ya sha ruwa. Ka baza shi ya huce, ko mako biyu ne. Kar ka kulle shi a ƙarfe haka."

An-Gama ya dubi agogo. Ƙarfe huɗu na yamma tasha za ta daina karɓar kayan wannan jirgi. Ya ce, "Baba, kai naka ƙonawa ne, turawa kuma nawa ne. An gama."

Aka jera buhunan tun daga ƙuryar kwantena, aka danne su har rufi. Aka kawo gadon Auta da kujerunsa aka tsara a bakin ƙofa, yadda ko an buɗe su za a fara gani. Buhu goma sha biyu suka rage, ba wuri, aka jingine su a lungun sito. An-Gama ya rufe ƙofa da hannunsa ya buga hatimi.

A ofishin kamfanin jirgi, akawun wata mata ce mai tabarau, ta san shi shekara da shekaru. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Me za a rubuta?"

Ya ce, "Kayan gida."

Ta rubuta. Kashegari injin ƙugiya ya ɗaga kwantenar ya zura ta can cikin jirgi, aka ɗora wasu shida a kanta. Tafiyar kwana talatin da biyu ce, da zango biyu a hanya.

Kwana huɗu da tashin jirgi, ana gab da azahar, mai gadin sito ya hau bene yana haki ya ce maigida ya sauko ya gani. An-Gama ya sauka yana mita. Mai gadi ya nuna masa buhunan nan goma sha biyu ya ce, "Taɓa ka ji."

Ya ɗora tafin hannu, ya janye da sauri. Zafi kamar murfin tukunya. Suka ja buhun sama, sai ga hayaƙi siriri yana fita daga na tsakiya, ledar buhun ta narke, gawayin ciki ya yi ja. Ba wanda ya kusance shi da ashana. Mai gadi ya kwara masa bokiti uku yana salati, sannan ya juyo ya dubi maigidansa. Shi ma yana wurin ranar lodi.

Nan An-Gama ya tuna kwantenar. Buhu goma sha biyu ke nan, a sito mai taga, iska na shiga. To ina ga kusan ɗari biyar a cikin akwatin ƙarfe, a ƙasan jirgi, da sunan ƙaninsa a jiki?

Ya 'yan uwa, ku lura da rahamar Ubangiji. An nuna wa mutumin nan abin da zai faru, da rana tsaka, a gaban idonsa, tun da sauran lokaci. Jirgin zai tsaya a zangon farko ran kwana na tara. Magana ɗaya zai yi a sauke kwantenar a can. Ya san abin da zai biyo baya: tara mai nauyi, a ƙwace lasisinsa, wataƙila har kotu, sunansa ya ɓaci a tasha. Amma Auta zai tsira, mutanen jirgi su tsira.

Ya tafi kuwa. Ran kwana na bakwai ya sa riga ya nufi ofishin kamfanin, ya zauna a benci yana juya maganar a bakinsa. Layi ya zo kansa. Akawu ta gyara tabarau ta ce, "An-Gama, lafiya na gan ka kana gumi haka?"

Ya buɗe baki. Ya hango wasu dillalai biyu a bayansa, abokan hamayyarsa, sun kasa kunne. Ya tuna motar da ya saya bara, da makarantar 'ya'yansa, da yadda ake miƙewa a gaishe shi in ya shigo tasha. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Lafiya lau. Takardun kayan da na tura na zo karɓa."

Ta ba shi, ya fito.

Daga ranar duniya ta ƙuntace masa. Akwai wata manhaja a wayarsa da ke nuna jirage a kan teku, kowane jirgi ɗan ɗigo ne. Ya zama ba shi da aiki sai kallon ɗigon nan. Yana cin abinci yana dubawa, ana yi masa magana yana dubawa. Ɗigon kuwa tafiyar hawainiya yake yi, ka dube shi da safe, ka dube shi da la'asar, kamar bai motsa ba. Mai kaya zai hau bene da ciniki mai tsoka, An-Gama ya zuba masa ido bai ji abin da ya ce ba. Ya daina buɗe tagar ofis, don ba ya son ganin jirage. Ya daina bi ta lungun sito inda baƙin tabon ƙuna yake a siminti.

Gida ma ba sauƙi. Da ya yi sallama Inna za ta ɗago daga kan tabarmarta ta ce, "Kayan Auta sun kai ina yau?" Sai ya durƙusa ya nuna mata ɗigon. Ta yi murmushi ta shafa fuskar wayar da yatsa ta ce Allah ya kai su lafiya, ta sa masa albarka. Albarkar nan ta fi masa zagi ciwo. Auta kuma ya turo hoton ɗaki an share shi fes, 'yan matansa biyu suna tsaye a inda za a ajiye gadon kakarsu, suna ɗaga hannu.

Uwar 'ya'yansa ta ga yana ramewa, wando yana zame masa. Ta tambaye shi sau uku, ya ce ciwon ciki ne.

Ya koma ga addu'a. Ya tsawaita sujada, ya yi sadaka, ya sa aka yi masa roƙo bai faɗi dalili ba. Me yake roƙo? Allah ya sanyaya gawayi. Subhanallahi! Yana roƙon Allah ya kashe wuta, wayar da zai kira a kashe ta kuwa tana aljihunsa. Jama'a, wannan tuba ce? Wannan ai so yake Allah ya taya shi rufa ƙaryarsa. Mutum ya riƙe saɓo da hannun dama, ya ɗaga na hagu yana amin, sannan ya yi mamakin shiru.

Zango na biyu ya zo ran kwana na goma sha bakwai. Jirgin ya yi yini biyu a tasha. An-Gama ya nemo lambar kamfanin, ya ɗora yatsa a kai, ya ajiye, ya sake ɗauka. Zuciyarsa ta ce masa: in da gawayin zai kama ai da ya kama, an ci fiye da rabin hanya, yanzu kuma in ka faɗa za a tambaye ka me ya sa ka yi shiru kwana goma sha uku. Kun gani? Shirun jiya ya zama dalilin shirun yau. Jirgin ya ɗaga ya shiga babban teku, inda ba tasha sai bayan mako biyu.

Ran kwana na ashirin da huɗu ɗigon ya tsaya.

Ya kashe wayar ya kunna, ya ce matsalar sabis ce. Da la'asar ɗigon yana nan inda yake. Kashegari labari ya cika tasha: wuta ta tashi a cikin jirgi. Kwana uku ma'aikata suna fama da ita, ba su san me ke ci ba, don takardarsu ta ce kayan gida ne a wurin. Kwantena fiye da ɗari suka ƙone, dukiyar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wani ma'aikaci ya sauka da mesa cikin hayaƙi, bai fito da ƙafarsa ba. Aka jawo jirgin zuwa gaɓa, masu bincike suka bi sawun wutar har inda ta faro. Ƙarfen kwantenar ya lanƙwashe, amma hatimi yana nan da lambarsa.

A garejin bas aka kama Auta, yana shirin fita aikin safe, a gaban abokan aikinsa.

Bayan kwana biyar masu bincike mutum biyu suka hau benen An-Gama da jakar takardu. Suka zauna a kujerun baƙi suka tambaye shi me ya sani game da kwantena mai lamba kaza. Ya 'yan uwa, ga wata ƙofa kuma an sake buɗe masa, ƙarama, amma Auta zai iya fita ta cikinta. Me ya yi? Ya jawo takarda ya ɗora yatsa a kan kalmomin nan huɗu.

Ya ce, "Ni dillali ne. An kawo mini kaya a ɗaure, aka ce kayan gida ne. Ga shi nan a rubuce, bisa faɗin mai kaya."

Suka ce, "Wane ne mai kaya?"

Ya nuna musu sa hannun ƙaninsa.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin nan sai na ji tsigar jikina ta tashi. Nono ɗaya suka sha. Shi ya goya yaron nan a baya, shi ya raka shi filin jirgi ranar da zai tafi. Amma tsoro in ya kama mai ƙarya, ba ya gane ɗan uwa.

Inna ba ta san komai ba, sai dai an ce an kama Auta kan kayan da aka tura masa. Ta daina cin abinci. Ta riƙe hannun An-Gama da hannu biyu tana kuka ta ce, "Kai ne babba, kai ka san takardu. Ba ni da kowa sai kai. Ka fito mini da ɗana." Ya ce mata yana ƙoƙari. Ya ɗauki lauya a can ƙasar, ya tura kuɗi ba ƙidaya, ya sayar da motar. Lauyan ya ce masa a waya, abu ɗaya ne zai kuɓutar da Auta: wanda ya yi lodi ya rubuta da rantsuwa cewa shi ya sa gawayin, mai sunan bai sani ba. In ba wannan, ko nawa aka kashe banza ne.

Aka ba Auta izinin waya sau ɗaya. Muryarsa ta dushe.

Ya ce, "Yaya, sun karanta mini wata takarda, wai kai ka ce ni na kawo kayan a ɗaure. Na ce musu ƙarya suke yi, yayana ba zai faɗi haka ba. Na san dabararsu ce don su haɗa mu. Ka dai yi musu bayani yadda abin ya faru. Kar ka gaya wa Inna ina kuka."

An-Gama ya ce, "Kwantar da hankalinka, gobe zan rubuta."

Ya zauna ya ɗauki biro. Ya rubuta layi biyu ya yaga. Yanzu ba tara ba ce, ba lasisi ba ne, rai ne aka rasa, kuma ga ƙaryar da ya yi wa masu bincike a kai. In ya rubuta, shi zai shiga inda Auta yake. In bai rubuta ba, Auta zai dawwama a ciki. Ya duba gabas ya duba yamma, ba mafita sai ɗaya, ita ce kuwa wadda ba ya so. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Yana yawo a gari ba ankwa a hannunsa, amma a daddaure yake. Ko ƙarar takalmi ya ji a matakalar bene sai ya ɗauka shi aka zo kamawa.

Wata huɗu yana cewa gobe. A na biyar aka yanke wa Auta shekara tara, in ya gama kuma a kore shi daga ƙasar. Matarsa ta kasa riƙe gidan mai ɗaki uku, ta kwashe 'yan matan suka koma ɗaki ɗaya a wurin wata ƙawarta.

To An-Gama ya tsira ke nan? Ko kusa. Masu inshorar jirgin ba su gaji da bincike ba. Suka gano mai gawayi, dattijon ya ce shi ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba, ya faɗi wanda ya saya da gargaɗin da ya yi masa. Suka zo ga mai gadi, ya kai su lungun sito ya nuna musu tabon. Mako shida bayan hukuncin Auta aka sauko da An-Gama daga benensa, 'yan tasha sun yi cirko-cirko suna kallo.

A nan ne ya faɗi komai, yana kuka, yana rantsuwa cewa ƙaninsa bai sani ba. Aka aika da maganar can ƙetare. Kotun ta ce wannan mutum ya riga ya ba da shaida guda, yanzu da aka kama shi ya kawo wata, wacce za a ɗauka? Ga kuma sa hannun Auta a takarda. Gaskiyar da za ta buɗe ƙofa wata huɗu da suka wuce, yanzu ba mai saye. Hukuncin Auta ya zauna daram.

Sau ɗaya Inna ta je gidan yari ganinsa. Uwar 'ya'yansa ce ta riƙo ta, don ƙafa ta fara gazawa. Ya zube a bayan ragar ƙarfen da ta raba su yana cewa ta yafe masa. Ta dube shi, ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba.

Ta ce, "Nawa na yafe, ni na haife ka. Amma shekarun Auta ba nawa ba ne. Ran mutumin nan da ya mutu a jirgi ma ba nawa ba ne. Su za ka nema."

Ta juya aka fita da ita. Ba ta ƙara shekara ba Allah ya karɓi abarsa, ba ɗa ko ɗaya a cikin masu ɗaukar gawarta.

An-Gama ya rubuta wa Auta wasiƙa goma sha ɗaya, ba amsa. Shi kuwa ma'aikacin jirgin, An-Gama ya roƙi lauya ya nemo masa iyalinsa. Aka ce mutumin wata ƙasa ce mai nisa, ya bar mata da ɗa, sun tashi daga inda suke, ba a san inda suka koma ba. Sunansa ma An-Gama bai iya furta shi daidai ba. To ku gaya mini, ina zai je? Wace ƙofa zai ƙwanƙwasa, da wane harshe zai ce a yafe masa?

Ya 'yan uwa, abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, in ka yi nadama ka koma gare shi, Mai gafara ne, Mai jinƙai. Amma haƙƙin bawa yana nan yana jiranka har sai mai shi ya yafe, kuma ba kullum ake samun mai shi a duniya ba.

Kada wani ya ce shi ba ya tura kwantena, labarin bai shafe shi ba. Kai mai sayar da magani, wanda ya karɓa ya haɗiya bai buɗe ƙwayar ya gani ba, maganarka ya haɗiya. Kai makanike da ka ce birki ya gyaru, iyalin mutum za su hau titi a kan faɗinka. Kai magini da ka rage rodi ka shafe da siminti, akwai yaran da za su kwana a ƙarƙashin rufin nan. Kowannenmu akwai wanda ya yarda da shi ba tare da ya duba ba, kuma yawanci wanda ya fi yarda da kai shi ne wanda ya fi kusa da kai. Shi ƙaryarka za ta fara ci.

In kuwa ka riga ka yi, kuma kana zaune a nan zuciyarka tana bugawa, to saurara. Yau gyaran yana da tsada, na sani. Gobe zai fi tsada, kuma akwai ranar da za ka kawo gaskiyar da hannu biyu a ce ba a karɓa. Tashi daga wurin nan ka je ka faɗa, tun wanda za ka cuta yana iya jin ka.

Allah ya kiyaye mu daga ƙaryar da za ta ci 'yan uwanmu. Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a lokacin da take da amfani. Kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wanda ba za mu iya samu mu roƙa ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.